Ƙaiƙayin da Ya Hana Ni Jikana

Gidan Dare, Sakkwato
28 ga Afrilu

Ƙawata Rahila,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Gidiyon da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Na ji an ce ku can Kagoro har kun yi shuka. Mu nan rana ce ke gasa mu, irin wadda kike cewa ko ƙwai aka ajiye a tagar ofishin malamai zai dahu kafin a tashi.

Tun da kika ce kunnenki ya daina jituwa da waya, na koma wa biro. Gara haka ma. Abin da zan faɗa miki ba na so ya tsallaka katanga, maƙwabtana sun ga abin da ya ishe su.

Ranar Talata aka zo aka kwashe itacen.

Bari in faro miki daga farko. Ɗiyarki Jamila (yau na kira sunan, fushi ya fi ƙarfin kunyar ɗan fari) cikinta wata takwas. Shekara ashirin da biyu kika yi a garin nan, ba sai na gaya miki ba: haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Yarinya ta dawo gida ta haihu, uwa ta dafa ruwa safe da yamma ta yi mata wankan jego har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta karɓi jinjiri ita kuma ta samu barci. Ni 'ya ɗaya Allah ya ba ni. Kwana arba'in ɗin nan ba ni da wasu a bayansu, na biyu a ɗakinta za ta haifa.

Mijinta Nasiru ya yi abin da ya kamata. Sati uku da suka wuce ya aiko da itacen wanka, a-kori-kura guda cike, aka jibge mini a bakin zaure. Na share ɗakin marigayi Malam Junaidu, na sa aka shafe shi da fenti, na sayi tukunyar da ke cin bokiti uku.

Kin tuna hannun da na ce miki yana damuna tun bara? Na dama, daga gwiwar hannu zuwa kusa da inda agogo ke zama, ta gefen waje. Ƙaiƙayi ne, amma kada ki kawo cizon sauro a ranki. Kamar an zuba tururuwa a ƙarƙashin fata an ɗinke. Ba ƙurji, ba borin jini, ba komai a wurin sai abin da akaifata ta yi. Na shafa maganin ƙazwa har sau biyu, na tafasa tufafina, na shanya katifa, na sha ƙwayoyin da mai kemis ya rantse a kansu. Barci kawai suka sa ni a gaban ɗalibai.

Ranar Asabar uwar Nasiru, Hajiya Ige, ta zo da ƙannenta biyu a tsayar da ranar da Jamila za ta taho. Muka zauna a rumfa da la'asar, zafi kamar a tanda. Na daure, Rahila, Allah ya sani na daure. Da abin ya fi ƙarfina na tura hannu cikin mayafi na sosa. Ba a jima ba ƙaramar cikinsu ta sosa wuya. Ɗayar ta sunkuya ta sosa idon sawu. Can sai ga Hajiya Ige da kanta, da warwaron zinare har gwiwar hannu, tana kartar damtse. Suka dubi juna, suka dubi hannuna. Furar da na dama musu ko ludayi ba su taɓa ba. Wai sun tuna suna da gaisuwar mutuwa.

Kwana uku bayan nan motar ta dawo. Ina tsaye a soro aka loda itacen ɗaya bayan ɗaya, matan unguwa na leƙe ta kan katanga. Nasiru ko fitowa daga mota bai yi da wuri ba. Da ya fito ya durƙusa nesa da ni kamar mai gai da basarake, ya ce an ga ya fi kyau a bari sai na samu sauƙi.

An ga. Wa ya gani? Matar da ba ta san bambancin jijiya da igiyar guga ba, ita ta duba ni ta yanke mini cuta. Na kira Jamila, ta ce, Inna ki yi haƙuri, ta sa kuka. Me za ta yi, tana ƙarƙashin inuwarsu?

Ki gai da kowa. Ki sa ni a addu'a, ni ma kina cikin tawa.

Taki har kullum,
Hasana


Gidan Dare, Sakkwato
30 ga Mayu

Rahila ƙawata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, da ƙullin citta, na gode ƙwarai. Ina fata Baban Gidiyon ya warware daga zazzaɓin. Ki ce masa ya daina musu da likita, ba kowa ne ke da hujjar yin haka ba kamar ni.

Ki yi mini barka. Jamila ta sauka ranar ashirin ga wata, namiji, lafiya lau. An sa masa Junaidu. Wato mijina ne sau biyu: jika dama miji ne, ga kuma sunan Malam. Yau kwanansa goma a duniya ban san nauyinsa ba.

Na je suna a gidansu na Tudun Wada. Kin ce in je, na je. Na sa riga mai dogon hannu cikin wannan zafi. Aka tarbe ni da fara'a har da guɗa, aka shimfiɗa mini darduma sabuwa ni kaɗai, can kusa da randa, inda iska ke kaɗawa wai don in sha iska. Kowa da kwano, ni aka kawo mini a robar da ake yarwa. Sau uku ina cewa a kawo mini maigidana, sau uku ana cewa yana barci. Daga ƙarshe wata ta ɗaga labule ta nuna mini shi daga bakin ƙofa, kamar yadda ake nuna wa mai saye atamfar da aka san ba zai iya saye ba. Na ga tafin ƙafa ɗaya. Jamila na zaune bakin gado, jikinta na tururin ruwan da wata ta dafa mata da itacen da ya kwana sati biyu a ƙofata. Ta gaishe ni kanta a ƙasa. Na ajiye turmin zane da sabulai na fito, ban jira rabon nama ba.

Na san za ki ce bakina bai yi shiru ba. Ya yi, sai dai a bakin ƙofa na ce wa ƙanwar Hajiya Ige in sun gama da dardumar kada su wahalar da kansu da wanki, su ƙona ta, ai suna da itace.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya na dawo daga makaranta hannun na ci kamar wuta, na sayi ƙullin ƙanƙara wurin maƙwabciyata don in sha. Garin buɗe ƙofa na danne shi a hannun. Rahila, ɗif. Kamar an kashe rediyo. Na ɗauke, bayan ɗan lokaci ya dawo. Na mayar, ya ɗauke. Sau biyar ina gwadawa a tsaye a tsakar gida kamar mahaukaciya.

Shekara ashirin da shida ina koyar da ilimin halittu. Wace ƙazwa ce ke jin tsoron ƙanƙara? Ƙwaron da ke cikin fata bai san sanyi na minti ɗaya ba. Na sauke littattafaina duka. Zafi yana da shafinsa, sanyi, taɓi, ciwo, duk mun zana su a allo ni da ke. Ƙaiƙayi layi ɗaya aka ba shi, kamar ɗan kishiya da aka manta a rabon gado. An sa mini ranar ganin likitan jijiyoyi, sha biyu ga watan gobe. A ranar, kwana ashirin da uku ke nan sun tafi daga cikin arba'in ɗina. Ina ƙirgawa, ba abin da zan yi sai ƙirga.

Ki gai da yara.

Taki,
Hasana


Gidan Dare, Sakkwato
19 ga Yuni

Ƙawata Rahila,

Ina gaishe ki, ina gai da mutanen gida baki ɗaya. Na gode da gaisuwar Sallah. Mun samu ruwan farko daren jajibere, gari ya yi sanyi. Ni dai ban yi ba.

Na ga likitan. Yaro ne, Dakta Abdulshakur, ba zai girmi Gidiyon ba. Da na ambaci ƙanƙara sai ya ajiye biro, ya bar hannun da kowa ke ƙyama, ya zagayo ya danna mini wuya. Ya tura ni hoton ƙashi. Da na kawo ya zana mini abin a bayan takarda, ni da na saba zana wa mutane.

Ashe ƙaiƙayi ba ƙaramin ciwo ba ne kamar yadda muke zato, hanyarsa daban. Akwai wasu jijiyoyi sirara ƙwarai, bakinsu na can saman fata. In sauro ya cije ki, fata ta saki wani sinadari, jijiyar ta ɗauki saƙo, a hankali take tafiya da shi, ba da gudu irin na tsinin allura ba. Ta kai shi laka, cikin ƙashin baya. Can akwai masu karɓa su miƙa sama. Ita ƙwaƙwalwa ba ta taɓa ganin hannu ba. Iyakar abin da ta sani, wannan layin daga hannun dama yake fitowa, duk abin da ya biyo ta cikinsa na hannun dama ne.

To ni fatata lafiyarta ƙalau. A wuya ne, inda jijiyar ke ratsawa tsakanin ƙasusuwa biyu, wurin ya zaizaye ya matse ta. Kamar masinjan da aka take wa ƙafa a bakin ofis, ya faɗa ciki yana ihu wai gobara ake yi a unguwarsu. Shi ya sa ƙwayoyin kemis ba su yi komai ba: sinadarin da suke tarewa babu shi a wurin. Susa kuwa ɗan ciwo ne muke ji wa kanmu, in saƙonsa ya isa laka sai ya rufe wa na ƙaiƙayi ƙofa na ɗan lokaci, daga baya ya dawo ya fi da. Sanyi ma ƙofar yake rufewa, shi ba ya barin rauni. Ya ce shekaru ne, da rana, wataƙila da sunkuyo. Na ce masa sunkuyo kam na yi, a kan takardun 'ya'yan mutane.

Na tambaye shi batun matan nan uku da suka yi ta susa a rumfata. Ya yi dariya ya ce ai kamar hamma ce. Ido ya ga ana susa, ko zuciya ta tuna, ƙwaƙwalwa ta kunna nata. Yana faɗa yana sosa gemu. Ya rubuta mini takarda da hatimi cewa ba abin da ake ɗauka a jikina.

Washegarin Sallah na tafi Tudun Wada da takardar a jaka, na shirya magana tun daga gida, kowace kalma na wasa ta. Na samu Hajiya Ige a tsakar gida ta dafa ƙugu tana tsaye kan tukunya, hayaƙi ya sa idonta ja. Ban zauna ba. Na zazzage mata jijiya da laka da hamma, na ƙara da abin da ba ya cikin takardar likita. Ta bar ni har na gama. Sannan ta ce:

"Malama, ni ban hana ɗiyakki zuwa ba. Na dai hwaɗi abin da nig gani. Ni da bayana ka ciwo, mi za ni yi da ruwan zahi safe da marece? Ita tac ce a ɗauko iccen."

Na ce ƙarya take yi. Ta ce ga ta nan ciki, in tambaye ta.

Ba sai na tambaya ba. Labulen ya motsa, Jamila ta fito ta tsuguna. Ta ce ranar da ta zo gaishe ni ta ga jini a hannun rigata, ta koma gida ta yi sati tana susa har cikinta ya yi ja. Da surukarta ta dawo da labarin rumfa sai tsoro ya kama ta. Ta kasa gaya mini, ta bar ni ina zagin wata.

Rahila, yarinyar nan a ajina ta zauna shekara uku. Ita ke zuwa ta ɗaya. Ni na koya mata kada ta yarda da abu sai ta tambayi dalili. Ni na goya ta tana da ƙyanda, ƙurajenta na fashewa a bayana, ban nemi takardar likita ba. Da ta ce mini, Inna ina tsoro, mu je asibiti, da tun watan Afrilu an danna wuyan nan.

Na ajiye takardar a kan turmi. Hajiya Ige ta ce a ɗauko mini yaron. Na ce a bar shi, yana barci. Na fito. Kada ki ce komai, na sani.

Taki,
Hasana


Gidan Dare, Sakkwato
3 ga Yuli

Rahila,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan gwiwa ta yi sauƙi, gona kuma ta yi kyau. Na karanta takardarki sau biyu. Kin ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne. Sai dai ki lura, ni ce hannun da aka ce ya ruɓe.

Maganin da aka ba ni yana ragewa, bai kashe ba. Na koyi rufe hannun daga rana, ina kuma miƙe wuya kamar zalɓe. Na koma wurin Hajiya Ige na ba ta haƙuri, na kai mata man zafi na baya. Wannan ya fi haɗiye ƙwaya ɗaci, amma haƙƙinta ne.

Arba'in ta cika ranar Asabar. Ranar Litinin aka fito yawon arba'in, a zaga dangi a nuna jinjiri. Gidana ne na uku a layi, bayan gwaggonnin Nasiru biyu. Gidan da ya kamata a fito daga cikinsa, shi aka shigo baƙunta.

Da azahar Jamila ta iso, ta yi kitso da lalle, ta yi kyau, ba hannuna a ciki. Ba wuta tun ranar Lahadi, saboda haka ba ƙanƙara a unguwar. Da gangan na sa riga mai gajeren hannu, tabo duk a waje. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kwance goyo, ta miƙo shi a naɗe cikin tawul ninki biyu, a wannan zafi. Na warware tawul ɗin na miƙa mata abinta.

Yana da nauyi, Rahila. Goshin Malam ne sak, har da tamkewar nan kamar an ci masa bashin gaisuwa. Na ce masa maigida ka ƙi ni, ka tare a gidan wata kwana arba'in. Ya yi miƙa, ya ɗora kansa daidai kan tabon, ya yi barci.

Nan take abin ya taso. Ɗumin kansa ne ya tashe shi, ban taɓa jin ya kai haka ba. Na san ƙarya ce. Na san daga wuya take, na san ta inda take bi, zan iya zana miki ita a allo. Sanin bai rage komai ba. Hannu ɗaya na ƙarƙashinsa, ɗaya na tallafe da shi, idon uwarsa kuma na kan tabon nan bai ɗauke ba. Na ce a raina ko zan mutu ba zan motsa yatsa ba. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Muka yi ta hirar banza, farashin gero, ruwan da aka yi, wa ya haihu wa ya mutu. Har aka kira la'asar ina riƙe da shi.

Ana cikin haka na ga hannunta ya tashi a hankali ya tafi damtsenta na dama. Ta sosa, ta ƙara sosawa. Sai ta farga, ta dubi yatsunta, ta dube ni.

Na ce, "Sosa abinki, Jamila. Ni ban sosa ba."

Ta kifa kai a gwiwata tana kuka, ta ce in yafe mata. Na ce na yafe, don abin da uwa ke cewa ke nan. Ta ce ta roƙi Nasiru ya bar ta ta kwana biyu. Na ce ɗakin na nan, fentin ma ya daina wari.

Sun kwana biyun, yau da safe suka koma. Ita ta gama wankanta, ba abin da ya rage in yi mata. Shi na yi masa sau ɗaya, na ɗora buta a kan risho na sirka a baho. Kwana arba'in na shirya wa, Rahila, buta ɗaya na samu.

Tukunyar na sa ta a ƙarƙashin indararo, tana tarar ruwan sama. In kin san mai ɗiya da ciki a can wajenku, ki gaya mini in aiko mata. Sabuwa ce, wuta ba ta taɓa gindinta ba.

Ki gai da Baban Gidiyon da yara. Allah ya bar mu tare.

Ƙawarki,
Hasana Junaidu